Kishin Rauna

Ranar da Rauna ta fara ganin Oula, masifa ce ta haɗa su. Tana gangarowa daga tudu da ayarin baƙin da take koya wa zamiyar ƙanƙara, sai ga wani amalanken kan ƙanƙara da karnuka ke ja ya ratso gabansu. Ɗalibanta suka zube kan juna kamar buhuna.

"Kai bawan Allah, makaho ne kai, ko karnukan ne ke tuƙa ka?"

Saurayin ya taka birki, ya janye ƙyallen da ya rufe bakinsa, ya yi murmushi.

"Su ke tuƙa ni. Amma yau sun yi hankali, tunda wajenki suka kawo ni."

Ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta ƙwace mata.

Kafin watan ya ƙare, duk ƙauyensu da ke gefen garin Kittilä ya san labarin. Kullum idan ta tashi daga aiki sai ta tarar da shi a bakin tudu da kofi mai zafi a fulas. Yana ce mata Zinariyata, ita kuwa tana ce masa Sarkin Karnuka. Har hula ta saƙa masa, ja mai ratsin shuɗi, duk da ba ta iya saƙa sosai ba.

Mahaifinta Jouni ne bai yi murna ba. Makiyayin barewar ƙasashen ƙanƙara ne, wadda ake kiwo kamar shanu, tun kaka da kakanni, kuma hanyar da Oula ke bi da 'yan yawon buɗe ido ta ratsa ta gefen makiyayarsa.

"Haushin karnukansa ya hana dabbobina kiwo," in ji shi, yana tura itace cikin murhu. "Masu ciki ma gudu suke yi. Shi ne zan ɗauki 'yata in ba shi?"

"Baba, ka zauna da shi mana ko sau ɗaya."

"Na ji muryar karnukansa. Ta ishe ni."

Ana cikin haka wata baƙuwa mai suna Ornella ta iso daga birnin Milan, doguwa, mai dariya da ƙarfi. Ta zo hutun mako guda, ta hau amalanken Oula, sai ta ɗaga ranar tafiyarta. Rauna ta fara ganin hotunansu a waya: ga Ornella rungume da kare, ga ta dafe da kafaɗar Oula. A daidai lokacin kuma Oula ya daina zuwa bakin tudu da fulas.

Ta tura masa saƙo: "Sarkin Karnuka, kofi ya ƙare a duniya ne?"

Sai can ya amsa: "Aiki ne ya sha kaina, Zinariyata. Ki yi mini haƙuri kaɗan. Ina kewarki."

Ta karanta ta sake karantawa. Wane aiki? Ta san ƙarfe nawa yake sallamar baƙinsa.

Wata safiya aka ce mata akwai sabuwar ɗaliba. Tana juyowa ta ga Ornella tsaye, kuma a kanta ga hular nan ja mai ratsin shuɗi. Rauna ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji. Ta dubi gangaren da ya fi kowanne tsayi, zuciyarta ta ce a fara daga can. Ta haɗiye, ta kai ta wajen 'yan koyo.

"Durƙusa kaɗan. Na ce kaɗan! Ba kujera za ki zauna ba."

Ornella ta faɗi, ta tashi tana dariya. "Ke 'yar garin nan ce, ko? Kin san Oula mai karnuka? Ina son in ɗauke shi. Yayana yana da otal a kan duwatsunmu, karnuka kawai ya rasa."

"Ya ce zai bi ki?"

"Bai ce a'a ba tukuna." Ta kashe ido. "Yana da mata?"

"Ki gyara ƙafarki," in ji Rauna, "kafin ki karye."

Ana tashi ba ta ko cire takalman zamiya ba, ta miƙe sai gidan karnuka. Ba ya nan. Ta ga sabon sawun amalanke ya nufi daji, ta bi shi, hawaye na daskarewa a kumatunta. Tana tafe tana shirya maganganun da za ta gasa masa, da shi da 'yar Milan ɗin.

Daga nesa ta hango hayaƙi, da mutum biyu a bakin wuta. Ta ƙara gudu.

"Oula! Hular da na ɓata idona na saƙa ita ce ka..."

Maganar ta maƙale. Wanda ke zaune kusa da Oula, yana gasa nama a tsinke, mahaifinta ne.

Jouni ya dube ta sama da ƙasa. "Wa ya koro ki?"

Oula ya miƙe, kunnuwansa sun yi jawur don sanyi, hannunsa riƙe da gatari. A bayansa sabuwar hanya ce aka share tsakanin itatuwa, ta zagaye tafki, nesa da makiyaya.

"Na je na sami babanki," ya ce a hankali. "Ya ce in na ɗauke hanyata daga kan dabbobinsa, sannan a yi magana. Ya kuma ce kada in gaya miki."

"Ba na son a sa mini kuka a gida ne kafin in ga ko yaron zai iya," in ji Jouni.

Rauna ba ta sauko ba. "Hular fa?"

"Ta ce kunnenta na ciwo, na ara mata. Ta ƙi dawo da ita."

"Otal ɗin yayanta fa? Ta ce ba ka ce a'a ba."

Oula ya sosa ƙeya. "Baƙuwa ce, ban so in kunyata ta ba. Na yi ta kewaye-kewaye."

"To daga yau ka koyi kunyata mutane."

Ya ciro waya, ya cire safar hannu, ya rubuta a gabanta, ya nuna mata kafin ya tura: "Ornella, na gode da tayinki, amma ba zan je ba. Aure zan yi, da malamar da ta koya miki zamiya yau."

"Wa ya ce maka na yarda?" in ji Rauna, tana share fuska.

"Ki yarda mana, Zinariyata. Hannuna zai daskare."

Ta kama hannun ta cusa cikin aljihun rigarta. Jouni ya kau da kai, ya juya namansa.

"In kun gama," ya ce, "saura itace biyu a gaba ba a sare ba."

An ɗaura auren a ƙarshen sanyi, lokacin da rana ta dawo tana daɗewa a sama kuma ƙanƙara ba ta narke ba. Ƙaramin cocin ƙauyen ya cika har ƙofa. Aka ci farfesun naman barewa da dankali, aka sha kofi har aka gaji. Da za su tafi, Jouni ya riƙe hannun 'yarsa, ya ɗora a kan na Oula.

"Ga ta nan. Tana da zafi, ka gani da idonka. Uwarta ma haka take, kuma ban taɓa da na sani ba." Ya dafa kawunansu. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuriya mai albarka."

Jama'a suka amsa da amin. Rauna ta zauna a gaban amalanke cikin fatu masu ɗumi, ta waiwayo ta dubi angonta.

"Daga yau wannan wurin nawa ne."

"Baƙin fa, a ina zan zaunar da su?"

"Maza da tsofaffi na yarda," ta ce. "Sauran kuwa ni zan tuƙa su da kaina."