Birkin Ƙafar Hagu

Gareji na huɗu ke nan da suka shiga a ranar. Yayanta ne ke tuƙa babur ɗin mai taya uku, ita tana zaune a baya rungume da sandarta. Shi ya saya mata don ta riƙa zuwa shagon ɗinkinta ba tare da jiran kowa ba, sai dai birkin a ƙafar dama yake, ita kuwa ƙafar damanta shan inna ya shanye tun tana yarinya. Ƙafar gajera ce, ba ta da ƙarfin taka ko kwali.

Duk inda suka je magana ɗaya ce. Haka kamfani ya ƙera shi, ba a taɓawa. Wani ma cewa ya yi ta haƙura da tuƙi, ai ba kowa Allah ya yi wa ba.

Bakaniken nan na huɗu ya fito daga ƙarƙashin wani babur, goshinsa duk baƙin mai. Ya saurari Yaya har ya gama, sannan ya juyo gare ta.

"Malama, wace ƙafar ce mai ƙarfin?"

Ta ɗago a hankali. Tun da take, labarin ƙafar da ta shanye kawai ake tambayarta.

"Ta hagu," ta ce, muryarta can ƙasa.

"To shi ke nan. Birki ya dawo hagu, giya ta koma hannu. Ƙarfe ne fa, shi zai bi ki."

Ya yanko waya ya miƙa mata, ya ce ta auna da kanta daga gwiwa zuwa diddige, ta lanƙwasa a inda ya tsaya. Ya juya baya yana neman sifanar da ke cikin aljihunsa har ta gama.

Kwana uku yana aikin. Ya ratsa sandar ƙarfe ta ƙarƙashin injin, daga hagu zuwa dama, yadda idan ta taka feda a hagu za ta ja birkin da ke dama. Ya yi wa gajeriyar ƙafar matakala mai tudu. Rana ta uku ya durƙusa a gefen babur ɗin, ita tana kai.

"Taka. Saki. Sake takawa. Kina miƙa yatsu, ko?"

"Kaɗan."

"Kaɗan ɗin nan ne ke kai mutum kwalbati."

Ya sassauta noti, ya ɗago fedar, ya sake ɗaurewa. Sau bakwai suka yi haka. Da ta zagaya filin garejin ita kaɗai ta dawo ta tsaya cak a gabansa, sai ya sara mata.

"Ranki ya daɗe, Direba."

Ta rufe fuska da gyale tana dariya. Daga ranar sunan ya bi ta.

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Direba, birki na ci? In bai ci ba ki dawo. In ya ci ma ki dawo."

Ta karanta ya fi sau goma kafin ta iya rubuta amsa.

"Yana ci, Injiniya. Amma kamar ina jin wata ƙara."

Babu wata ƙara. Shi ma ya sani. Haka ta riƙa kawo masa ƙarar da babu ita duk mako, yana kwantawa ƙarƙashin babur yana nemanta da gaske, suna hira. Wata shida ana haka, ya je gidansu ya gaida Ummanta. Umma ta dube shi.

"Yaro, mahaifiyarka ta san yadda take?"

"Za ta sani, Umma."

Bai faɗa ba. Abin da ya gaya wa Mamansa shi ne ya sami yarinya tela, mai hankali, tana ɗan ɗingishi. Mama kuwa tuni ta ajiye masa 'yar aminiyarta, wata doguwa mai aikin asibiti, wadda ke zuwa gidan tana taya ta shara ba a sa ta ba.

Ana gobe za ta je gaida Mama, ya karɓi babur ɗin ya ce zai duba shi. Da ya dawo da shi sai ta ga ya yi waldar wani faffaɗan farantin ƙarfe a gefen dama, ya rufe matakalar da ƙafar da ke kanta gaba ɗaya. Har fenti ya shafa masa.

"Wannan fa?"

"Saboda taɓo ne, Direbata. Kar ya ɓata miki zane." Ya sosa ƙeya. "Kuma gobe ba sai kin wahalar da kanki kin sauka ba. Mama za ta fito ƙofa ku gaisa. Sandar ma ki bar ta a gida."

Ta ce to. Shi da ba ya ba da babur sai ya ce a taka sau bakwai, ranar ko sau ɗaya bai ce ta taka ba.

Washegari tun a hanya ta ji fedar ba ta sauka har ƙasa. Gefen sabon farantin ne ke tokare sandar birkin, ita ba ta sani ba. Ta yi tunanin ta tsaya ta kira shi, kunya ta hana ta. Layin gidan Mama kuwa gangara ne.

Ta hango su a ƙofa: shi, da Mama, da ƙannensa mata biyu, da doguwar mai aikin asibiti. Ta taka birki. Ta sake takawa da duk ƙarfinta. Ta damƙe na hannu, tayar gaba ta ja yashi, babur ya daki dakalin ƙofar ya watsar da ita a ƙasa.

Zanenta ya yaye har gwiwa. Babu sanda. Ta yi yunƙurin tashi ta koma, ta sake yi ta koma. Sai da ta ja jiki da hannuwa ta kama dakalin.

Mama ba ta dube ta ba. Ɗanta ta duba.

"Wannan ce mai ɗan ɗingishin?"

"Mama..."

"Shi ya sa ka yi mata murfi? Ni za ka rufe wa ido da gwangwani? In ta haihu wa zai goya? Ni? Ka rasa wadda za ka kawo mini sai wadda za ka riƙa yi wa gyara kamar babur?"

Doguwar ta zo da sauri ta kama ta tana "Sannu, baiwar Allah, sannu," da irin muryar da ake yi wa marar lafiya. Wannan sannun ta fi faɗuwar ciwo.

Shi kuwa yana tsaye, bakinsa a buɗe. Ita da kanta ta kira Yayanta a waya ya zo ya ɗauke ta.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa.

"Direba, ki yafe mini. Farantin ne ya tokare birkin, laifina ne, ban gwada ba."

"Don Allah ki ɗauki waya ko zagina ne ki yi."

Sai a kwana na biyar ta amsa.

"Gwiwata ta warke. Ba birkin ne ya kayar da ni ba. Ka ce ƙarfe ne zai bi ni, sai ga shi ka sa shi ya ɓoye ni. Kar ka sake kira na Direba."

Labari ya zaga dangi. Kawu ya zo da nasa maganin: wani mai shagon yadi da matarsa ta rasu, ya ce zai aure ta saboda Allah. Zai ajiye ta a gida, ba fita ba wahala, babur ma a sayar.

"Ke wa zai kwashe ki?" in ji Kawu. "Ki gode Allah an ma taya."

Umma ta ce ba za ta matsa mata ba, amma ta ga Umman na share ido a kicin. Ta koma jiran Yaya kullum da safe ya kai ta shago, wani lokaci har rana ta take. Babur na jingine a tsakar gida, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Ranar da ta cika wata guda, sai ga bakaniken ya shigo shagonta tana tsakiyar aiki. Ya rame. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran izini.

"Ban zo kare kaina ba," ya ce. "Na ji tsoron bakin Mama, na ce bari ta fara sonki kafin ta gani. Ashe ni ne na fara jin kunyar. Na sani yanzu."

Ba ta tsayar da keken ɗinkin ba.

"Mai yadi ya fi ka gaskiya. Shi ya faɗa a fili cewa taimako zai yi."

"Za ki aure shi?"

"Da in auri mai ɓoye ni?"

Ta cire zaren da haƙori, sannan ta dube shi, karo na farko.

"In da gaske kake, ka cire ƙarfen nan. Zan koma gidanku da rana tsaka. Zan sauka da sandata, in taka tun daga ƙofa har ɗakin Mama, kowa na kallo. Kai kuma kana gefena. Ba gaba ba, ba baya ba, kuma kar ka kama ni. In ka sunkuyar da kai ko sau ɗaya, na juya."

Ya cire farantin a tsakar gidansu, Umma na kallo. Ya durƙusa ya ce ta taka. Ta taka, ba ta yi masa murmushi ba.

Tsakar gidan Mama doguwa ce, ga ƙasa ba daidai ba. Maƙwabta sun leƙo ta katanga. Ta jefa sanda, ta ja ƙafa, ta jefa, ta ja. Wata cikin ƙannensa ta ƙyalƙyale, ya dube ta sau ɗaya ta haɗiye dariyar. Gumi na zuba a wuyanta. Shi yana gefenta, yana rage takunsa daidai nata, kansa a sama.

A ƙofar ɗaki ta zauna a ƙasa ta gaida Mama. Mama ta amsa da hanci.

"Mama, ga ta nan duka," ya ce. "Wancan karon ƙarya na yi miki, kuma na kusa kashe ta. Ita nake so. In kin hana ba zan yi ba, amma ba zan kawo miki wata ba."

"Ke kuma me kika ce?" Mama ta jefo mata.

Ta ɗago kai.

"Mama, ba zan iya goyo ina tafiya ba, gaskiya ne. Ba zan iya miki daka ba. Ina ɗinki, ina girki, ina kai kaina inda za ni. Abin da nake da shi ke nan. Ban zo a ji tausayina ba."

Mama ta juya ga ɗanta.

"Ka je ka gaya wa babanka," ta ce. "Ni na gaji."

Ba ta ce ta yarda ba, kuma ba ta sake cewa a'a ba.

An ɗaura aure bayan wata uku. Kawu ya zo yana cika yana batsewa. Aminiyar Mama ba ta zo ba, har yau ba sa gaisawa. Cikin mata kuwa amarya ta ji da kunnenta wata na cewa yaron nan ya yi jihadi, ta sa gefen mayafi ta goge ido ba wanda ya lura.

Da aka kai ta gaban Mama, ɗakin ya yi tsit. Mama ta dubi ɗanta, ta dubi amaryar tun daga kai har ƙafar, ba ta kau da ido ba wannan karon.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ta ce. Ta ɗan tsaya, kamar maganar na mata nauyi. "Allah ya yi muku albarka, ku duka biyun."

A waje ya sunkuyo kusa da kunnenta.

"Yanzu an yarda in kira sunan?"

"Ba yau ba," ta ce. "Amma ka riƙa tambaya."

Allah ya sanyaya abin da ya rage a zukata, ya ba su haƙurin juna da zuriya mai albarka. Amin.