Bargon Ƙwaryar Madara

A can wani zamani, an yi wata mata mai jinyar mahaifiyarta. Tsohuwar ba ta iya haɗiyar komai sai kindirmo. Wata rana da damina, matar ta dafa ragowar madararsu, ta zuba ɗan tsohon nono, ta juye a ƙwarya, ta lulluɓe ƙwaryar da bargonsu ɗaya tilo.

Tsohuwa ta ce, "'Yar nan, kada ki yaye bargon. In ɗumi ya fita, madara ba ta yin kauri."

Ruwa ya wuni yana zuba. Matar ta ji sanyi, ta daure. Ta ƙara jin sanyi, ta daure. Can sai ta janye bargon ta rufa.

Da yunwa ta ta da tsohuwa, matar ta buɗe ƙwarya, ta tarar da madara tsululu, sanyi ƙalau.

Tsohuwa ta dubi bargon a kafaɗar 'yarta, ta ce, "Kin ji ɗumi?"

Sannan ta juya fuskarta ga bango.