Zan Koma Wa Tsohuwar In Ɗaure

Da ɓallin bango a tafin hannunsa ya shigo shagon fenti. Ɗan ƙarami ne, shuɗi, ya naɗe shi a hankici kamar wanda ya tsinci haƙorin zinariya. Auta, 'yar mai shagon, tana bayan kanta tana juya gwangwani, ta ɗago ta gan shi: dogo, gilashinsa a karkace, igiyar takalminsa ɗaya a kwance.

"Irin wannan nake so," ya ce. "Kujera ce ta ci bangon ofishinmu."

"Mece ce lambar gwangwanin, malam?"

"Ba sunansa shuɗi ba?"

"Sunan ɗaya ne. Amma na bara da na bana ba sa shiri a bango. Sai da lamba."

Ya yi tsaye yana kallonta, har ta duba rigarta ko fenti ne ya zuba.

"Rigimar da nake yi da abokan aikina ke nan," ya ce a hankali.

Ba ta gane ba. Ya tafi ba fenti, ya manta ɓallin bangon, washegari ya dawo nemansa. Daga nan ta sa masa Mai Bango, shi kuma yana ce mata Launina.

Aikinsa haɗa manhajar kwamfuta. Ya sha yi mata bayani, abin da ta riƙe shi ne: ba mutum ɗaya ke ƙera abin ba, aro ake yi guntu-guntu daga wasu mutane can nesa da ba a taɓa ganin fuskarsu ba. Su kuma hannunsu ba ya zama, kullum suna taɓa kayansu. Sai ka bar abu yana aiki, ka dawo ya ƙi, alhali ko waƙafi ba ka motsa ba. Ko kuma ya yi a kwamfutarka, ya ƙi a ta wani. Ita dai abin ya fi mata kama da aikin iskoki.

Da zancen aurensu ya taso, Baba bai so ba.

"Mutumin da aikinsa ke yi a wurinsa, ya ƙi yi a wurin wani? Ga ɗan mai tayil nan yana ta zarya. Abin da ya shimfiɗa jiya yana nan inda ya bar shi."

Ana cikin haka, wata safiya saƙon Mai Bango ya shigo wayarta:

"Sabuwar nan shigowa ta yi ban sani ba, ta hargitsa min komai. Tsohuwar ta fi min kwanciyar hankali. Yau zan koma mata in ɗaure, kowa ya huta."

Ta karanta a tsaye, ta karanta a zaune. Ta miƙa wa Yaya.

"Ke ce sabuwar," in ji Yaya. "Wa ya shigo masa bai sani ba in ba ke ba?"

"To wace ce tsohuwar?"

"Duk mai gilashi yana da tsohuwa."

Ta rubuta masa: "Allah ya ba ku zaman lafiya kai da ita."

Amsa ta zo nan take: "Amin, Launina. Wallahi tun da na koma mata komai ya daidaita. Amma wa ya gaya miki?"

Ta kashe wayar. Ranar nan wani ya zo sayen fari ta haɗa masa kore.

Da la'asar sai ga shi a shagon, kwamfuta biyu a hammata, yana haki. Baba ya tare ƙofa.

"An ɗaura?"

"Na ɗaure, Baba. Duka."

"Duka? Su nawa ne?"

"Sun fi ɗari, in an haɗa da waɗanda suka zo tare da su."

Baba ya nemi kujera ya zauna. Auta ta ajiye gwangwanin da ke hannunta, ta kafe Mai Bango da ido.

Sai da ya ga fuskarta sannan ya zaro waya ya duba. Ya dafe kai. Saƙon na abokin aikinsa ne, kuskure ya yi ya tura mata. Ya buɗe kwamfutocin a kan kanta. Guntun aron nan, ya ce, kowanne yana da suna yana da lamba. Su a ofis sunan kawai suke kira ba lamba, sai kwamfuta ta ɗauko musu duk wadda ta fito daga baya. Sabuwa ta fito, ta rushe aikin. Shi ne ya koma wa tsohuwar, ya kafe kowane guntu a kan lambarsa. Abin da suke ce wa ɗaurewa ke nan.

Baba ya ce, "Haɗa in gani."

Ya haɗa a wannan, ya haɗa a waccan. Kowacce ta fito da wani dogon layin haruffa, shaidar abin da ta haɗa. Baba ya sa yatsa ya bi su ɗaya-ɗaya, bakinsa na motsi. Babu wanda ya saɓa.

"In ka maimaita baɗi fa?"

"Haka zai fito."

Baba ya waiwaya ya dubi gwangwanayen da ke jere a bayansa, kowanne da lambarsa.

Auta ba ta gama hucewa ba. "Yau ka koma wa tsohuwa. Gobe in wata sabuwar ta fito?"

"Ba ta shigowa sai na buɗe mata da hannuna."

"To ni wace lamba za ka sa min?"

Ya gyara gilashin, ya ƙara karkacewa. "Ke ba zan sa miki ba, Launina. Duk yadda kika sauya, a haka nake so."

"Ji shi," in ji Yaya daga bayan labule. "Yanzu ya gama cewa sauyi ne ke rushe masa aiki."

Baba ya yi dariyar da ya jima bai yi ba. "Turo manyanka. Wannan ɗaurin kam ba kai za ka yi da hannunka ba."

An ɗaura aure, an yi addu'a, iyaye suka sa albarka: Allah ya ba su zuri'a ta gari, ya raba su da abin da zai shigo musu ba su sani ba. Baba da kansa ya shafe musu ɗaki da shuɗi, ya rubuta lambar gwangwanin a bayan ƙofa. Ɓallin bangon yana kan taga. Har yau Auta ba ta gama gane aikin mijinta ba, amma in ta ji shi a waya yana cewa zai koma wa tsohuwa, sai ta ce ya gaishe ta.