Laraba a Filin Lilo

Auta na guge rigar mijinta a falo lokacin da yayarta ta faɗo gidan ko sallamar kirki babu. Ta ajiye jakar atamfofin da take tallarsu, ta miƙa mata waya, ta ce ta duba da kyau kafin ta buɗe baki.

Hoto ne na filin wasan yara. Ga Mai Agogo, mijin Auta, tsaye a kan lilon dawakan nan masu zagayawa, ya riƙe hannun wata mata da ke zaune a kan dokin katako. Mayafi ya rufe fuskar matar, amma shi kam dariya yake yi har da ƙyaƙyatawa.

"Duk Laraba ce," in ji Yaya. "Ƙawata mai sayar da tikiti ce ta ɗauko. Wata bakwai da aure, har ya fara!"

Auta ta zauna a hannun kujera, rigar na ƙonewa ba ta sani ba. Abin ya ƙi shiga kanta. Mutumin da ke rufe shago ya taho gida kai tsaye, mutumin da ko ita bai taɓa kaiwa wurin lilo ba? To amma Laraba kam yakan makara, ya dawo yana ƙanshin gugguru.

Da ya dawo ta nuna masa. Bai musa ba, bai kuma yi fushi ba. Ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce ba abin da take zato ba ne, amma ya yi alkawari, kuma sirrin ba nasa ba ne. Ta roƙe shi ko sunan matar ne ya faɗa mata. Sai ya ce ta yi masa haƙuri. Wannan haƙurin ne ya fi ƙona mata rai.

Washegari ta haɗa kaya ta tafi gida. Umma ta ce ba za ta koma ba sai ya zo ya yi bayani a gaban manya. Yaya ta ce bayanin me, a karɓo mata takardarta tun ba ciki ba goyo. Kwana biyar Auta ta yi tana kuka tana juya zancen. In ta tuna dariyarsa a hoton sai ta ji ta tsane shi, in ta tuna yadda idonsa ya kawo ruwa sai ta rasa wa za ta tsana. Babanta, tsohon direba da bai cika magana ba, shi ne ya kira ta gefe ya ce hoto rabin labari ne, ta je ta gani da idonta kafin kowa ya yanke mata hukunci.

Ranar Laraba da yamma suka shiga filin ita da Yaya. Kiɗa na tashi ta ko'ina, yara na ihu a motocin karo, ƙaton lilon nan mai kamar taya na juyawa a hankali. Can suka hango shi yana sayen alawar auduga, matar na tsaye a gefensa ta ba su baya. Yaya ta yi gaba tana tattare hannun riga, sai matar ta juyo.

Iya ce. Mahaifiyarsa.

Auta ta tsaya cak. Wata huɗu ke nan da aka ce Iya ta koma gidan babban ɗanta saboda ciwon ƙafa, kuma duk zuwan da Auta ta yi gaishe ta sai a ce ta samu barci. Ta durƙusa za ta gaishe ta, amma Iya ta kamo hannunta tana murna.

"Ƙanwata! Ina kika shige? Tun ɗazu nake ajiye miki farin dokin."

Auta ta dubi mijinta, ta dubi Yaya. Ita ta san Iya ba ta da wata ƙanwa a raye.

Mai Agogo ya sunkuyar da kai ya yi mata bayani a hankali. Mantuwa ce ta kama Iya. Ta manta sunayen 'ya'yanta, wani lokacin ma takan tambaye shi ko wane ne. Yayansa ya sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba, har matarsa, domin an sa ranar auren 'yar yayan, yana tsoron surukai su ce akwai taɓin hankali a gidan. Wata rana ya ɗauko ta daga asibiti suka biyo ta nan, tana jin kiɗan ta ce a tsaya. A nan ne takan kawo su suna yara, ita da ƙanwarta marigayiya, ƙarshen kowane wata.

"A kan dokin nan kaɗai take kiran sunana," ya ce. "Minti uku ne. Na kasa hana kaina."

Iya ba ta saki hannun Auta ba, dole ta hau. Dokin na sama yana ƙasa, Iya na ba ta labarin ranar da takalminta ya faɗo daga babban lilo a kan wani mai hula, da yadda suke raba ayis kirim ɗaya su huɗu. Auta na dariya hawaye na zuba, ta rasa ko ita ce suruka ko ƙanwa, sai kawai ta riƙa ce wa Iya, "Na tuna, Yaya, na tuna."

Da suka sauko, yayar Auta ta kasa haɗa ido da kowa. "Sori, ƙanina," ta ce wa Mai Agogo, "bakina ne ya riga hankalina."

A daren ranar Auta ba ta koma gida ba sai da ta biya gidan babban wan mijinta. Ta durƙusa ta ce masa ciwo ba abin kunya ba ne, kuma ɓoyon ya kusa kashe aurenta. Ta roƙi a ba ta Iya ta riƙe. Ya yi faɗa, daga baya ya share ido ya amince. Da surukan 'yarsa suka ji, ba su fasa komai ba, sai ma suka zo dubiya.

Iya ta shekara biyu a ɗakin Auta, ba ta taɓa sanin surukarta ba ce, Auta kuma ba ta taɓa gyara mata ba. Ita dai abin da ta koya shi ne, zargi yakan zo da gudu, gaskiya kuwa sai an yi haƙuri an taka an same ta, kuma ɓoye wa abokin zama damuwa ba ya kare shi, sai dai ya bar shi cikin ruɗu.