Robobin Ƙaramar Tasha

Ranar Talata da hantsi shugaban babbar tashar jirgin ƙasa ya kai rahoto caji ofis, wai an sace masa shara ranar Lahadi.

Sufeto ya ajiye biro. "Shara, ranka ya daɗe?"

"Ba kowace shara ba. Robobin ruwa ne, buhu tara, tsintattu, an matse su da inji."

Kofur ta rufe baki da fayil. "Oga, ɓarayin bana sun ji jiki."

Sufeto mutum ne marar gaggawa. Ya ɗauki hularsa suka tafi.

A hanya shugaban tasha ya yi masa bayani. Hedikwata ta raba wa kowace tasha duro uku: kore na ragowar abinci, shuɗi na roba, rawaya na takarda. Wata guda za a yi ana auna abin da aka tara, domin da shi za a gane yawan fasinjoji, a sa kowace tasha a ajinta. Wadda ta faɗo aji na huɗu, jirgin safe ya daina tsayawa a cikinta.

Siton da aka ajiye buhunan yana da ƙofa biyu. Kwaɗon ta gaba lafiyarsa ƙalau. Ta baya kuwa, wadda aka ɓalle, layin dogo take kallo, babu hanyar mota. Sufeto ya durƙusa, ya taɓa baƙin man da ya ɗiga a kan ƙarfen layin.

"Me ke bin wannan layin?"

"Kurar mai duba layi kaɗai. Irin wadda ake turawa da hannu."

Suka sami mai duba layi a inuwar gada, dattijo siriri, yana ɗaure noti.

"Baba, ina ka kai kurarka ranar Lahadi?"

"Ko'ina, yallaɓai. Taya ta lalace."

Sufeto ya tura kurar da ɗan yatsa. Ta gangara sumul.

"To, ta warke ke nan," in ji Kofur.

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Ni na kwashe. Na sayar."

"Wa ka sayar wa?"

"Wani mutum."

"Dogo ko gajere?"

"Haka dai... tsaka-tsaki."

Sufeto bai tsananta ba. Ya tambayi gidansa kawai. Dattijon ya ce a wata ƙaramar tasha da ke gaba suke zaune, matarsa ce mai shara a can.

Washegari da safe suka isa a mota, dattijon na tsare a kujerar baya. Tasha ce mai benci biyu da tankin ruwa ja, dogo, ana hango shi daga nesa. Dandamalin tas, kamar an lashe. Mai sayar da tikiti ya ce in kasuwa ta yi kyau yakan sami fasinja goma a rana.

Sufeto ya buɗe shuɗin duro. Cike yake fal da robobi. Ya buɗe kore. Ɓawon ayaba ɗaya ne a ƙasa.

Wata mata ta fito daga bayan tanki riƙe da tsintsiya, ta gaishe su a ladabce.

"Inna, mutanenki akwai shan ruwa."

"Zafi ne, ɗana."

"Mutum ɗari sun sha ruwa, amma ɗaya ne ya ji yunwa?"

Ya zaro roba guda ya ɗaga ta a rana. A kumbure take kamar sabuwa, sai dai wani layi ya ratsa cikinta, irin wanda haƙorin inji ke bari. Ya zaro ta biyu, ya zaro ta uku. Duk haka.

"Yaya kika yi suka miƙe?"

Ta jingine tsintsiyar a hankali.

"Ruwan zafi. In ta yi laushi sai in hura da baki. Kwana biyu ina yi, har kumatuna suka yi tsami." Ta dube shi. "Ka saki malam, mijina. Turo kura kawai ya yi, shi ma sai da na yi masa kuka."

"Albashinki ake ragewa in tasha ta faɗo?"

"A'a. Shara ai ba ta da aji."

"To, don me?"

Ta zauna a bakin benci.

"Ina da ƙane. Ya haura arba'in, amma hankalinsa na yara ne. Ni na goya shi, ni na ci gaba da riƙonsa bayan iyayenmu. Shekara uku ke nan, ina can ina wanke makewayi, ya shige jirgin safe. Mun nema har ƙarshen layi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Bai san sunan garinmu ba, yallaɓai. Ni ma Yaya kawai yake ce mini. Abin da ya sani a duniya jan tankin nan ne. Na san wata rana zai hango shi ta taga, ya miƙe ya nufi ƙofa. To, in jirgin bai tsaya ba fa?"

Kofur ta juya tana kallon layi.

Sufeto ya daɗe yana juya robar a hannunsa. "Inna, dole ki bi ni. Dole kuma hedikwata ta san awon nan ba na gaskiya ba ne."

"Na sani."

"Amma abin da kika faɗa yanzu, kalma ɗaya ba zan bari ba. Duka zan rubuta."

Can aka ji kukan jirgi. Ta miƙe zumbur ta gyara mayafi, idonta a kan ƙofofi. Mutum biyu suka sauko, wata mai goyo da wani soja. Ta bi su da kallo har suka fice.

"Kofur, ki koma da mota," in ji Sufeto. "Mu a jirgi za mu tafi."

Matar ta tsaya a bakin matakala. "Rabona da shiga shekara biyu. Tsoro nake kada ya sauko ba na nan."

"Malam zai tsaya miki a nan. Na sallame shi."

Ta kama ƙarfe ta hau. Sufeto ya nuna mata kujera kusa da taga. Ta girgiza kai.

"Ɗana, tarago nawa ne?"

"Goma sha ɗaya."

"In ba za ka gaji ba, mu faro dubawa daga na ƙarshe."

Ya sa ankwa a aljihu, ya wuce gaba yana buɗe mata ƙofa.