Muryar da Kogi Ke Saurare

Ranar Talata ce, zafi tun safe, babu iska. Kogin Nilu ya cika ya yi ja.

Gidan rediyon garin ɗaki biyu ne a bakin ruwa, kuma kusan duk abin da ke fita daga cikinsa da muryar Mirgani yake fita. Da asuba a sa karatu. Da hantsi ya yi wa manoma bayanin ƙwarin dabino, sai filin mata, sai gaisuwa da waƙoƙi. Bayan la'asar cigiya, a ƙarshe sanarwar rasuwa. Tajussir yana bayan gilashi, shi ke juya kaset da kunna na'ura.

Gidan yana da doka tun kafuwarsa: ba a faɗin rasuwar kowa sai danginsa sun zo sun ce sun ga gawa da idonsu.

Akwai wata tsohuwa, Sittana, matar Hidir mai fito. Tun farkon cikar kogi kwale-kwalen mijinta ya dawo gaɓa babu shi. Kullum sai ta zo ta zauna a bakin ƙofar gidan rediyon har a karanta cigiyarsa, sannan ta bi gaɓa tana kiran sunansa. Mirgani ya gaji da ganinta. Ran nan ta tare shi yana cin wakensa da man riɗi.

"Ustazu, ka faɗa a hankali yau. Jiya ka yi sauri."

"Inna, kifaye ba su da rediyo."

"Shi yana ji, ɗana."

"To shigo ki karɓi aikin nawa mana."

Tajussir ya ce, "Haba Mirgani, ta haife ka fa."

"Ta haife ka dai. Ɗauke ta ka kai gidanku."

Bayan la'asar ya karanta cigiyar akuya da ta wani jaki, ya tsallake Hidir. Da aka zo kan rasuwa sai ya gyara murya, ya sassauta ta yadda ya saba, ya ce Allah ya yi wa Hidir mai fito rasuwa, ana zaman makoki a gidansa. Tajussir ya yi ta dukan gilashi. Mirgani na rufe makirufo Tajussir ya faɗo ɗakin.

"Wa ya ga gawar? Wa ya zo ya faɗa maka?"

"Ni na gani," in ji Mirgani yana miƙa. "Yanzu ta shiga takaba. Sai bayan wata huɗu mu sake ganin ƙafarta."

Haka kuwa aka yi. Matan unguwarsu suka zo da kuka suka ɗaga ta daga bakin ƙofa. Tana cewa, "Ban gan shi ba! Ku bar ni in je gaɓa!" Suna cewa, "Yi haƙuri, Sittana, rediyo ta faɗa." Suka rufa mata mayafi suka ja ta. Mirgani yana kallo ta taga yana shan gahawa.

Rana ta yi ƙasa. Tajussir bai ƙara yi masa magana ba. Ya sa doguwar waƙa, ya ɗauki buta ya gangara kogi alwala, don famfo ya ƙafe.

Mirgani ya rage shi kaɗai.

Abin da ya fara lura da shi, kwaɗi sun yi shiru. Sai waƙar ta fara ja, muryar mawaƙiyar ta yi kauri kamar ta namiji, ta tsaya. Wani wari ya cika ɗakin, warin taɓon ƙasan kogi da ruɓaɓɓen kifi.

Ɗis. Ɗis.

Ruwa ne ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, alhali ɗakin a kan tudu yake.

Ya ɗago kai. A kujerar baƙi akwai mutum zaune. Dogo ne, kansa ya kusa rufi. Farar rigarsa sharkaf. Rawani ya rufe fuskar, ruwa na tsiyaya daga gezarsa.

"Godiya muka zo, Ustazu."

Muryar kamar daga cikin tulu.

"Su wa?" in ji Mirgani.

"Masu sauraronka na ƙasa. Shiri ba ya wuce mu."

Ruwa ya rufe idon sawun Mirgani. Sanyinsa har cikin haƙori.

"Mai fito yana hannunmu tun farkon cika. Da ransa. Kullum kana cewa ana nemansa, mu kuwa wanda ake nema bai zama namu ba. Mun fara gajiya. Saura kaɗan mu sake shi." Rawanin ya girgiza, dariya yake. "Yau ka ce ya mutu, gari ya yi masa addu'a. Tare muka ji da shi. Ya kira tsohuwar har bakinsa ya cika da yashi."

Mirgani ya so ya karanta Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya ƙi juyawa.

"Amma ɗaya ya yi mana kaɗan. Ƙara mana."

Jar fitilar da ke nuna an fara watsa shiri ta kama da kanta. Makirufo a buɗe.

Ruwa ya kai gwiwa.

"Suna ɗaya. Naka ma ya isa."

Ruwa ya kai ƙirji. Wani abu mai santsi ya naɗe masa ƙafa.

Ta taga ya hango Tajussir tsugune a gaɓa, ya naɗe hannun riga yana wanke damtse.

Ruwa ya taɓa haɓar Mirgani.

Ya gyara murya. Ta fito sumul, a sassauce. Ya ce Allah ya yi wa Tajussir ɗan Hamad rasuwa.

Ƙara ɗaya ya ji daga gaɓa, ƙarama, kamar an jefa dutse.

Fitilar ta mutu. Waƙar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kujerar baƙi wayam, daɓen a bushe, shi kaɗai ne jiƙe har wuya. Ya fita da rarrafe. A gaɓa babu kowa sai buta a tsaye, cike da ruwa.

Kafin gari ya waye kogi ya ajiye gawa biyu a kan yashi. Masunta sun ce ta Hidir ko kumbura ba ta yi ba. Kawun Tajussir ya tsaya a kansu yana tambayar mutane, "Ta yaya rediyo ta san ya mutu tun ana kiran magariba?" Daga ranar ba a sake aiko da gaisuwa ba, babu mai son ya ji sunansa a bakin Mirgani.

Shi kuwa da safen nan ya canza riga, ya bi ta bayan taron bai tsaya ba. Ya shiga ɗakin, ya juya kujerar baƙi ta fuskanci bango, ya kunna na'ura da hannunsa, ya yi wa masu sauraro barka da asuba.