Randa a Kafaɗa

"Don Allah Halimat... in Mami ta tambaya, ki ce 'yar Zariya ce ke, can kika yi digiri."

Halimat ta ɗago tana kallon Tawfiq kamar yau ta fara ganinsa.

"Ni? Ni da ko sakandare ban gama ba?"

"Na yau ne kawai, masoyiyata. Da an ɗaura aure shi ke nan."

Wannan shagon na Wuse, da tukwanen furannin da manyan otal-otal ke rububi, Halimat ce ta tayar da shi da hannunta. A Ushafa ta fara, tana cuɗa yumɓu gefen mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, tana kaiwa kasuwar Bwari. Yau ga ma'aikata, ga mota, ga suna. Amma in ta rufe shago ta koma gida, ko mai ce mata sannu babu. Tawfiq kaɗai take da shi a duk faɗin Abuja, shi ya sa ta gyaɗa kai.

Bayan azahar ya kawo mahaifiyar tasa, tsohuwar darakta, sai ƙamshi take. Halimat ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta.

"Masha Allah! Kai Tawfiq, ka iya zaɓe."

Mami ta zaga shago, idonta ya sauka kan wata ƙatuwar randa.

"Wannan nake so, 'yata."

Ma'aikatan ba su dawo daga masallaci ba. Murnar wannan "'yata" ta ɗebe Halimat, ta ce, "Bari in kai miki mota, Mami."

Wayyo Halimat! Ta sunkuya, ta cicciɓi randar, cak ta aza ta a kafaɗa, yadda matan garinsu ke yi, don su ba sa ɗora kaya a ka.

Murmushin Mami ya ɗauke.

"Ikon Allah... wannan ai ɗaukar matan Gwari ce. Tawfiq, ba ka ce min 'yar Zariya ce ba?"

Ƙaryar tana bakin Halimat, amma ta ƙi fita.

"'Yar Ushafa ce ni, Mami. Ban yi digiri ba. Wannan randar ma ni na gina ta."

Mami ta gyara mayafi ta nufi ƙofa, ko waiwaye babu.

Halimat ta juya gare shi.

"Tawfiq... ka ce wani abu mana."

Kai, namiji! Makullin motarsa kawai yake juyawa.

"Halimat, da kin bari..."

"Da na bari me? Kunyata kake ji?"

Bai ce a'a ba.

"To je ka, tana jiranka. Kada ka dawo."

Ya kuwa tafi. Tana tsaye bakin shago, randa a kafaɗa, har motarsu ta sha kwana. Ta duba hagu ta duba dama, babu mai kama mata.

A hankali ta durƙusa ta sauke abarta da kanta, sannan kukan ya zo.